Lambar raunin yaƙi a sojan Amurka: yadda namu na nan suke bin takardunta

Malam, assalamu alaikum. Ka ce ka ji ana faɗa wai a Amurka tsohon soja yakan shekara goma da ajiye kaki sannan ya tashi neman lambar yabo ta raunin da ya ji a fagen fama, abin ya ɗaure maka kai: mutum da tabonsa a jiki, me kuma za a tsaya tantancewa? To, ga yadda lamarin yake a wurinmu, Hausawan da suka zauna a Bronx da Houston da Greensboro, waɗanda wasu 'ya'yanmu da ƙannenmu suka shiga soja har aka kai su Iraƙi da Afganistan.

Sunan lambar Purple Heart, siffar zuciya ce mai launin shunayya da hoton George Washington, shugaban Amurka na farko, a tsakiya. Shi ya ƙirƙiro asalinta a 1782, aka farfaɗo da ita ranar 22 ga Fabrairu 1932. Ta bambanta da lambobin jarumta, domin ba shugabanka ne zai ga dama ya zaɓe ka ba. Haƙƙi ce, in dai an cika sharuɗɗa uku: raunin ya zo daga hannun abokan gaba, ya kai girman da sai da jami'in likita ya yi masa magani, kuma an rubuta maganin a fayil ɗin lafiyar sojan. Sharaɗi na ukun nan shi ne ramin da mutanenmu suka fi faɗawa.

Ka san tarbiyyar gida. Ɗan Bahaushe ba ya raki. Bam ya tashi kusa da motarsu, kunnensa na ƙara, kansa na juyawa, a tambaye shi ya ce ba komai, alhamdu lillahi, tunda ga wani can an yanke masa ƙafa. Ya haɗiye ƙwayar ciwon kai ya koma sintiri. A gida wannan jarumta ce. A nan kuwa abin da ba a rubuta ba, kamar bai faru ba ne. Tabo ba ya faɗin wanda ya yi shi, ba ya faɗin ranar da aka yi shi. Yana iya zama na tarkacen roka, yana iya zama na faɗuwa daga mota. Shi ya sa dattawanmu suke jan kunnen duk yaron da zai tafi: ko ƙwarzane ne ka je asibitin sansani a rubuta, ka karɓi kwafi ka aiko wa mahaifiyarka ta ajiye.

Ba kowane ciwo ne kuma yake shiga ba. Zafin rana da ya kayar da mutum, cutar da ba abokan gaba suka jawo ba, haɗarin mota na yau da kullum, firgicin bayan yaƙi, duk ba a ba da lambar a kansu, ko da gwamnati tana biyan diyyarsu ta wata hanyar. Harbin kuskure daga sojan ɓangarenka a tsakiyar artabu yana shiga. Girgizar ƙwaƙwalwa ita ce mai rikici. Sojan ƙasa sun fayyace cewa tana shiga idan mutum ya suma, ko likita ya hana shi cikakken aiki fiye da awa 48 saboda alamun sun ƙi tafiya. Bayan harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin Ain al-Asad a Iraƙi cikin Janairun 2020, sojoji fiye da 100 aka samu da wannan rauni, amma wasunsu sai a ƙarshen 2021 aka amince musu da lambar.

Wanda zai nema, da tattara takardu yake farawa. Takardar sallama daga soja, wadda ake kira DD 214, ita ce uwa. A cikinta ake jera lambobin da mutum ya samu, kuma ita ake so a gyara. Sai ya cika fom SF 180 ya nemi cikakken fayil ɗinsa daga cibiyar ajiyar bayanan ma'aikata da ke St. Louis a jihar Misuri, ya kuma nemi fayil ɗin lafiyarsa daban, domin sau da yawa ba wuri guda suke ba. A can ne gobarar 12 ga Yuli 1973 ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18, amma wannan ta fi shafar waɗanda suka yi yaƙin duniya da na Koriya. Namu yaran bayanta suka zo.

In sojan ƙasa ne, ba a fara zuwa hukumar gyaran bayanan soja kai tsaye. Sai an fara rubuta wa sashen lambobin yabo na rundunar kula da ma'aikata da ke Fort Knox a jihar Kentaki. Abin da suke so a haɗa: kwafin DD 214, takardar umarnin tura shi fagen yaƙi, bayanin shafi ɗaya na abin da ya faru, takardar asibiti ta lokacin (galibi fom SF 600), rahoton waɗanda suka jikkata in akwai, da shaidar mutum biyu aƙalla waɗanda suke wurin suka gani da idonsu. Mai raunin ba ya zama ɗaya daga cikin biyun.

Shaidar nan a tsaya a kanta. Mutanenmu sukan kawo wasiƙar aboki mai cewa wane mutumin kirki ne, jarumi ne, ya sha wuya. Wannan ba ta da amfani ko na sisi. Ana son shaida ya faɗi rana da wuri da sunan rundunar, inda yake tsaye lokacin da abin ya tashi, abin da ya gani a jikin mai raunin, da wanda ya yi masa magani. In ranar da shaidu suka rubuta ta saɓa da ta takardar asibiti, an buɗe ƙofar ƙin amincewa. Haka in ma'aikacin jinya na fagen daga ne kaɗai ya ɗaure raunin, sai an sami jami'in likita ya rubuta cewa raunin ya kai a ce likita ne ya duba shi da a ce yana kusa. Takardar da likita ya rubuta bayan shekara takwas bisa abin da mara lafiya ya gaya masa, ba ta da nauyin wadda aka rubuta a makon da abin ya faru.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun mu baƙi: suna. Mutum ɗaya, Muhammad a fasfo, Mohammed a katin soja, Mahamadou a takardar haihuwa in ɗan Nijar ne, wani magatakardan kuma ya maida sunan mahaifi ya zama na farko. Kowane shafi a duba lambar shaidar sojan, in akwai saɓanin rubutu a yi bayaninsa tun a wasiƙar farko.

In Fort Knox sun ƙi, a ajiye wasiƙar ƙin, domin da ita za a tafi gaba. Sai a cika fom DD 149 zuwa hukumar gyaran bayanan soja. Sojan ƙasa da na ruwa da na sama kowa da tasa. Fararen hula ne suke zama, aƙalla uku, kuma yawanci a kan takarda suke yanke hukunci ba tare da sun ga mai ƙara ba. Suna farawa ne da ɗaukar cewa fayil ɗin gwamnati daidai yake, kai ne za ka nuna kuskure ko rashin adalci. Doka ta ba da shekara 3 daga ranar da ka gano kuskuren, amma hukumar tana iya yafe jinkiri in ka faɗi dalili. Kada a bar wannan gurbin a fom ɗin babu komai. Amsa takan ɗauki watanni da yawa, wa'adin da doka ta sa musu shi ne wata 18. In sun amince, sai a gyara takardar sallama a aiko da lambar. In sun ƙi, ana iya neman a sake dubawa, amma da sabuwar hujja, ba da sabon ƙorafi ba.

Ka tambaya ko kuɗi ake bi. Lambar kanta ba ta da albashi. Amma tana sa mutum a rukuni na 3 na fifiko wajen samun magani a asibitocin tsofaffin sojoji, tana ba shi ƙarin maki 10 wajen neman aikin gwamnatin tarayya, kuma wanda ya same ta daga 11 ga Satumba 2001 zuwa yau yana samun cikakken tallafin karatu ko da bai daɗe a aiki ba. Saboda haka ne ƙarya a kanta take da hukunci: dokar 2013 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ga wanda ya yi iƙirarin lambar don cin wata moriya.

Ba sai an ɗauki lauya ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW, da jami'an kula da tsofaffin sojoji na ƙananan hukumomi, suna taya cika fom kyauta, kuma can muke tura namu in sun kawo maganar bayan sallar Juma'a. In sojan ya rasu, matarsa ko ɗansa ko iyayensa suna iya nema a madadinsa, su haɗa da takardar mutuwa da shaidar dangantaka. In takardar aure ko ta haihuwa daga gida ta fito, da Hausa ko Faransanci ko Larabci, sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu, kafin a tura.