Kamara a gidan motsa jiki: madubi ne zai fara ba ka wahala

Ɗana, ka ce mai gidan motsa jikin da ka je dubawa a Sabon Gari yana son kamara takwas, zauren mita 20 ne a mita 10, bango ɗaya madubi ne, kuma ya nace sai an sa ɗaya a ɗakin canja kaya saboda ana sace wayoyin mutane. Kana tambaya ko ka yi aikin yadda muke yi a kantunan kasuwar Dole. A'a, ba ɗaya ba ne.

Maganar ɗakin canja kaya a kashe ta tun yanzu. Ba a sa kamara inda mutum yake tuɓe riga, ko bayi, ko wurin wanka, ko nawa za a biya ka. Tsiraicin mutane amana ne, kuma ƙasar nan ta Nijar tana da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, wadda irin wannan aiki ya shafa. Ka sa kamarar a waje, tana kallon ƙofar ɗakin, ta yadda duk mai shiga da mai fita fuskarsa za ta fito tare da lokaci. In da hali a fito da akwatunan ajiya zuwa baranda, kamara ta gan su. Idan akwai sa'o'in da mata kaɗai ke shigowa, ku zauna da maigidan ku tsayar da wanda ke da izinin kallon hoton, a kuma manna sanarwa a bakin ƙofa cewa akwai kamara.

To, madubi. Kamarorin nan suna da ƙananan fitilun infrared, hasken da idon mutum ba ya gani, da suke gani da su cikin duhu. In ka fuskantar da kamara ga madubi, da rana za ka ga hoto tsaf, ka karɓi kuɗinka ka tafi. Da dare hasken fitilun zai bugi madubin ya dawo cikin idonta, hoton ya zama fari fat, tsakiyar zauren kuma baƙi ƙirin. Don haka ka kafa kamarorin zauren a bangon da madubin yake, sama da shi, suna kallon cikin ɗaki. Haka tagogi: ranar Damagaram in ta shigo ta bayan mutum, sai inuwarsa kawai za ka gani. Kamarar ƙofar shiga lalle ta kasance mai WDR, tsarin da ke daidaita haske da inuwa a hoto ɗaya, kuma ka kunna shi a saiti, don sau da yawa a kashe yake zuwa. Kada ka miƙa aiki sai ka duba hoton da hantsi, da la'asar, da bayan isha'i an kashe fitilu.

Zauren nan kamara huɗu sun ishe shi, masu ido 2.8mm, a tsayin mita 2.5 zuwa 3, kowace tana ganin ƙarƙashin ƴar'uwarta. Ta ƙofa ka sa mai 4mm, ka sauko da ita kaɗan don ta kama fuska, in ta yi sama hula kawai za ta riƙa ɗauka. Ɗaya a teburin karɓar kuɗi, ɗaya a ƙofar ɗakin canja kaya, ta takwas a waje inda ake jera babura, don can ne asara mai tsada take. Ka lura da fankar sama: in fiffikenta ya shiga hoto, na'urar naɗa hoto za ta ɗauka motsi ne, ta yi ta naɗa ba tsayawa. Kusa da inda ake yar da ƙarafa masu nauyi kuma, kada ka ɗaura kamara a silin, girgiza za ta karkatar da ita sannu a hankali. A jikin bulo za ka huda, da kusoshi huɗu.

Waya ka sayi Cat6 ta jan ƙarfe zalla. Ka kankare bakin sili ɗaya na cikin wayar da wuƙa a gaban mai shago. In fari ya bayyana a ciki, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, bar masa kayansa, don wutar PoE, wato wutar da ke zuwa wa kamara ta cikin wayar nan, tana raunana a cikinta, kamara ta riƙa mutuwa da dare lokacin da fitilunta suka kama. Kada tsawon waya ɗaya ya wuce mita 100. Ka bi da ita cikin tiyo, nesa da wayar kuran da kamar santimita 30, musamman layin injinan gudu.

NVR ɗin, wato na'urar naɗa hoton, kada ya zauna a kan teburin karɓar kuɗi, ɓarawo da shi zai fara. Akwatin ƙarfe mai makulli da ramukan iska, a ofis, sama da ƙasa. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, disk ba ya jure akwati a toshe. Lissafin disk kuwa: kamara ɗaya a kan megabit 2 tana cin kusan giga 22 a yini, takwas kusan 175, wata guda ya haura tera 5. Sai ka sa tera 6, irin wanda aka yi don naɗa dare da rana kamar WD Purple, ka zaɓi H.265, tsarin matse hoto don rage cin disk, a saiti.

Kuran NIGELEC, kamfanin lantarki, ka san halinsa. Kayan nan gaba ɗaya ba za su wuce wat 80 ba, batir mai volt 12 da amfiya 100 tare da ondilar, na'urar juya wutar batir, zai riƙe su kusan awa bakwai in rabinsa kawai ake ja. Ka canja kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, ka daidaita agogo a GMT+1, don hoton da lokacinsa ya kauce ba ya amfani a gaban ƴan sanda. Ka nuna wa yaron gidan yadda zai goge gilashin kamara da tsumma mai laushi duk mako biyu, lokacin hunturu kuwa duk mako, ita ta wajen babura har da share yanar gizo-gizo.