Me ke kayar da jirgi marar inji idan ya zo sauka a gona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo a Facebook, jirgin nan marar inji da ake kira gilaida ya zo sauka a wata gona a Turai, fiffikensa ɗaya ya taɓa ƙasa, ya wuntsila. Shin duk saukar da irin wannan jirgi zai yi a gona hatsari ce? Kuma da nan wajenmu ne, da muke da fili har ido ya gaji, ai lafiya lau zai sauka ko? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sauka a gona ba baƙon abu ba ce ga matuƙin gilaida, tun yana ɗalibi ake koya masa ita. Jirgin yana hawa ne a kan iskar zafi da ke tasowa daga ƙasa, wadda kake ganin shirwa na kewayawa a cikinta da tsakar rana ba ta ko kaɗa fiffike. Idan iskar ta mutu da yamma, ko gajimare ya rufe rana, dole ya sauko. Amma ba faɗowa yake yi ba. Jirgin koyo irin ASK 21, idan yana sama da nisan mita 1,000 kuma iska na kwance, zai iya shafe kusan kilomita 34 kafin ya taɓa ƙasa. Lokacin neman wurin sauka kam akwai shi.

Matsalar ita ce matuƙi yakan cinye wannan lokacin da kansa. A Ingila ana koyar da cewa da ka sauko zuwa ƙafa 2,000, ya zama kana saman yankin da ke da gonaki masu saukuwa, kafin ka kai ƙafa 1,000 kuma ka riga ka tsai da gonar da za ka sauka. Daga ƙafa 1,000, abin da ya rage maka bai wuce 'yan mintoci ba. To sai mutum ya ji wata 'yar iska ta ɗaga masa fiffike, ya ce bari in ƙara zagaye ɗaya ko za ta ɗauke ni. Zagaye ɗaya ya zama uku, sai ya tsinci kansa dab da kan itatuwa, bai duba gona ba, bai san inda iska ta dosa ba.

A nan ne mummunan hatsarin yake. Ƙasa ta matso, tsoro ya shiga, sai hannu ya ja sandar tuƙi baya don hancin jirgi ya ɗago, gudu ya ragu. Yana kuma tsoron karkatar da fiffike sosai kusa da ƙasa, sai ya danne fedar wutsiya da ƙafa don ya tilasta wa jirgin juyawa. Fiffiken da ke cikin kwana ya rasa iskar da ke riƙe shi, ya zube, hanci ya kifa, jirgin ya fara juyi. Can sama, wannan abu ne da ake gyarawa cikin daƙiƙoƙi. A ƙafa 200 babu tazarar gyara. Rasa gudu ne ya kashe Otto Lilienthal, Bajamushen da ya yi fice a wannan sana'a, tun a 1896. A ganina, masu ƙaramin injin ko-ta-kwana a bayan jirgi sun fi shiga wannan tarko, domin sukan dogara da shi har su yi ƙasa sosai, ranar da ya ƙi tashi kuma sun makara.

Abin da ka gani a bidiyon wani ne daban, kuma yawanci jirgi ya fi mutum jin jiki. Faɗin fikafikan ya kai mita 15 zuwa 18, tayar ɗaya ce a tsakiya, bakin fiffike kuma ba shi da nisa da ƙasa. Da shuka mai tsawo ta kama gefe ɗaya, sai jirgin ya juya a kanta, wutsiya ta karye. Wayar lantarki ita ma tana ci, don ba a ganinta daga sama. Turakunta ake nema.

Batun filin Sakkwato kuwa, daga sama ne yake da kyau. Gonar gero da dawa duk kunya ce, wanda ya sauka a gicciye zai karya taya, ƙashin bayansa ma ya ji a jika, sai dai ya bi tsawon kunyar. A watan Satumba dawa ta fi mutum tsawo, ba ta saukuwa. Bayan girbi ga kututturen kara, ga suri, ga gawo tsaye a tsakiyar gona. Fadamar Rima da ke ɗaukar ido da rani ita ce ta fi yaudara: fangali ne da hanyoyin ruwa da rijiyoyin burtsatse. Da ni ne, fako zan nema mai tsawon mita 300 ko fiye, wanda babu shanu a kai, in fuskanci iska. Lokacin hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hayaƙin ƙonar daji ma zai nuna maka, sai dai hazo kan hana ka tantance gangara har sai ka matso. Idan filin na da gangara, hawa ake fuskanta ko da iskar na bayanka, a ƙara gudu kaɗan, domin idan aka bi gangara zuwa ƙasa, shawagi jirgin zai yi ta yi har ya ƙure filin.

Wanda ke ƙasa kuma ya hango jirgi zai sauka, ya janye yara da dabbobi zuwa gefe ya tsaya cak, kada ya gudu ya gitta gabansa, don jirgin ba ya yin ƙara, kuma ba zai iya fasa sauka ya koma sama ba. Idan ya bugu da ƙarfi, kada a fizgo matuƙin daga kujera sai ma'aikatan lafiya sun iso, saboda raunin ƙashin baya ya fi yawa a irin wannan faɗuwa.