Hukuncin karanta tatsuniyoyin gumakan Girkawa da rantsuwar likitoci

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce a jami'a, ina karanta adabin Ingilishi. A wannan zangon an ɗora mana darasi kan tatsuniyoyin Girkawan da, su Ziyus da Afolo da Atina, da jarumai irin su Akilis da Herakilis. Za mu yi jarrabawa a kai, sannan akwai wasan kwaikwayo kan labarin Edifus a ƙarshen zango. Wata ƙawata ta ce duk wanda ya rubuta "allahn teku" da hannunsa imaninsa ya taɓu. Yayana kuma yana shekarar ƙarshe a karatun likita, an ce masa da sunan waɗannan gumaka likitoci ke rantsuwa. Ga ƙannena su ma suna kallonsu a katun. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa, don haka mu fara duba abin da aka ba ki ki karanta. Tsoffin Girkawa ba su da wani littafi da suke cewa an saukar musu. Abin da ya iso mana waƙoƙin mawaƙansu ne, manyansu kuwa Homa da Hesiyod, waɗanda suka rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Waƙar Iliyad ta Homa ta haura baiti 15,000, kashi 24, kuma duk tsawon nan 'yan makonni kawai take bayarwa daga shekara ta goma ta yaƙin birnin Taroy. Hesiyod shi ya jera nasabar gumakan. A wurinsa za ki ga Kuronos yana haɗiye 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya don tsoron kada su ƙwace masa sarauta, har matarsa ta naɗe dutse a zanen goyo ta miƙa masa a madadin Ziyus. Ziyus ya girma ya hamɓarar da uban. Homa ya ce daga baya Ziyus da 'yan'uwansa biyu ƙuri'a suka jefa: sama ta faɗo wa Ziyus, teku ga Fosidon, ƙarƙashin ƙasa ga Hedis. A yaƙin Taroy kuma gumakan gida biyu suka rabu, Hera da Atina suna bayan Girkawa, Afolo da Afrodita suna bayan mutanen birni, har wani mayaƙi ɗan Adam ya soki Afrodita a hannu ta ruga wurin uwarta tana kuka.

Wanda ya karanta wannan da idon basira zai ga tafsirin aya ta 91 ta Suratul Mu'uminun a fili: da akwai wani abin bauta tare da Allah, da kowane ya ware da abin da ya halitta, kuma da sashensu ya rinjayi sashe. Su kansu masu hankalin Girkawa ba su haɗiye labaran ba. Zenofanis ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa gumaka duk abin da yake abin kunya a wurin mutane, sata da zina da yaudara, ya ce da shanu da dawaki suna da hannun zane da gumakansu sun fito da kamar shanu da dawaki. Aflatun ya nemi a hana gaya wa yara irin waɗannan labarai a birnin da yake mafarkin kafawa.

To, karanta su da rubuta su a jarrabawa halal ne ga wanda ya san tauhidinsa. Ƙa'idar malamai ita ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya ambaci Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra a Suratu Nuh, ya hakaito maganar Fir'auna da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, kuma muna karanta wannan a cikin salla. A Sahihu Muslim, Jabir ɗan Samura ya ce sahabbai kan zauna suna tuna al'amuran jahiliyya suna dariya, Annabi (SAW) yana murmushi. Huzaifa kuma ya ce mutane suna tambayar Annabi game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don gudun kada ya riske shi. A kan wannan turba Ibnul Kalbi ya rubuta littafi sukutum kan gumakan Larabawa, Shaharastani ya tattara addinai da ƙungiyoyi, Biruni ya bayyana aƙidun Indiyawa yana gwada su da na Girkawa. Ko a nan gida, malamin tarihi yana koyar da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, ba wanda ya ce ya yi ridda.

Maganar ƙawarki ta yi tsauri, amma akwai ladabi a cikinta da ya kamata a ɗauka. Idan da Hausa kike rubutu, ki ce "abin bautar Girkawa na teku" ko "gunkinsu na teku", kada ki ɗauki sunan Allah ki liƙa wa Fosidon. Idan da Ingilishi ne, kalmar "god" da ake rubutawa da ƙaramin baƙi ta wadatar. Ki buɗe amsarki da "a aƙidar Girkawa" ko "a cewar Homa". Sau ɗaya a farkon sakin layi ya isa, ba sai kin maimaita a kowace jimla ba, don kowa ya san takardar jarrabawa hikaya ce.

Masu hanawa sukan kafa hujja da aya ta 6 ta Suratu Luƙman, kan mai sayen zancen shagala don ya ɓatar daga hanyar Allah. Malaman tafsiri da dama sun ambaci Nadru ɗan Haris a nan, wanda yake kawo labaran Rustam da Isfandiyar na Farisa don ya janye mutane daga sauraron Alƙur'ani. Ki lura ayar ta ɗaure zargin da manufa, wato ɓatarwa. Ɗalibar da ke neman shaidar karatu, ko fahimtar adabin da rabinsa ba ya buɗuwa sai da waɗannan labarai, ba ta shiga ciki ba. Wadda ta bar salla da karatun Alƙur'ani ta kwana a kansu, ita ta ɗebi rabonta daga zargin. Wuraren batsa kuwa, kuma suna da yawa a labaran Ziyus, ki ɗauki gwargwadon abin da darasi ke buƙata ki wuce.

Inda ɗalibai suka fi zamewa ba sunayen gumakan ba ne, don ba a cika samun wanda ya karanta Homa ya tashi yana bauta wa Ziyus ba. Zamewar tana zuwa ne ta wajen kwatance. Za a kawo miki labarin Dukaliyon da matarsa Fira, waɗanda suka tsira daga ambaliya a cikin akwati, a ce ai shi ne labarin Annabi Nuhu, don haka duka tatsuniya ce. Kamanni ba ya nuna cewa duka biyun ƙarya ne. Ya fi kusa da nuna cewa abu ya faru, wasu suka riƙe shi a gurɓace, wahayi ya zo da shi a tsarkake, kuma Allah ya ce babu wata al'umma face mai gargaɗi ya shuɗe a cikinta. A jarrabawa ki kawo ra'ayin masu wannan nazari da sunansu, ba da bakinki ba.

Sai kuma ƙaddara, wadda ita ce ƙashin bayan labarin Edifus. An gaya wa mahaifinsa cewa ɗansa zai kashe shi, shi ma Edifus bokanyar Delfi ta gaya masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, kowa ya yi ta gudu, gudun ne ma ya kai su ga abin. Ƙaddara a wurinsu wata makauniyar igiya ce da ba ta san adalci ba, har Ziyus a Iliyad yana ji yana gani ya bar ɗansa Sarfidon ya mutu. A wurinmu ƙaddara ilimin Allah ce da nufinsa da hikimarsa, ba ya zaluntar kowa, kuma ba a kama bawa da abin da ya yi cikin rashin sani. Sannan labarin gaba ɗaya an gina shi ne don maganar boka ta fito gaskiya. Wannan ɓangaren ne yake da rai har yau, domin yarinyar da ba za ta taɓa yi wa gunki sujada ba tana iya buɗe waya ta duba abin da tauraron watan haihuwarta ya ce game da aurenta. Annabi (SAW) ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Muslim ne ya ruwaito.

Wasan kwaikwayo hukuncinsa ya bambanta da karatu, saboda a nan jiki da harshe ne ke aikatawa. Malaman zamani sun yi saɓani kan asalin wasan kwaikwayo. Ko a wurin waɗanda suka halatta, kuma shi ne abin da na fi karkata gare shi idan an kiyaye sutura da cuɗanya, bai halatta Musulmi ya fito a matsayin abin bauta ana rusuna masa ba, ko ya durƙusa wa gunki, ko ya ɗaga hannu yana kiran Afolo. Sujada ba ta zama hikaya. Neman maki kuma bai kai tilascin da aya ta 106 ta Suratun Nahli ta yi wa rangwame ba. Ki kula da wani tarko: ɗalibai masu kunya sukan ruga cikin 'yan amshi don a can ake ɓuya a taro, alhali a wasan Edifus na Sofokilis waƙar farko ta 'yan amshi addu'a ce tsantsa, suna kiran Atina da Atamis da Afolo su kawar musu da annoba. Ki nemi matsayin ɗan aike, wanda aikinsa ba da labarin abin da ya faru a bayan fage ne, ko makiyayi, ko ki karɓi aikin kayan sawa da fitilu. Ki sami malamin tun kafin a raba matsayi, ki gaya masa cikin ladabi. In ya ƙi, ki tsallake layukan roƙon ki bar bakinki a rufe.

Game da yayanki, abin da aka gaya masa rabinsa gaskiya ne. Tsohuwar rantsuwar da ake jingina wa Buƙrat, tsohon likitan Girkawa, ta fara ne da rantsuwa da Afolo mai magani da Askilifiyus da Hijiya da Fanasiya da dukkan gumaka maza da mata. Furta wannan da nufin rantsuwa haramun ne ba tare da wani saɓani ba, saboda hadisin Tirmizi da Abu Dawud cewa wanda ya rantse da wanin Allah ya yi kafirci ko shirka, kuma a Buhari da Muslim an umarci wanda bakinsa ya suɓuce ya rantse da Lata da Uzza ya ce la'ilaha illallah. Sai dai ba ita ake karantawa a bikin rantsar da likitoci a Najeriya ba. Abin da ake karantawa alkawarin Janeba ne, wanda ƙungiyar likitoci ta duniya ta tsara a 1948, aka yi masa gyara na baya-bayan nan a 2017, kuma babu sunan gunki ko ɗaya a ciki. Alkawura ne na kiyaye lafiyar majinyaci da sirrinsa da rashin nuna bambanci, abubuwan da shari'a ta riga ta wajabta masa. A ƙarshensa akwai inda mai karantawa ke cewa ya ɗauki alkawuran bisa mutuncinsa. Ya nufi alkawari da wannan, kada ya nufi rantsuwa da mutunci. Duk da haka ya karɓi takardar tun kafin ranar ya karanta ta da idonsa. In ya tarar an saka tsohuwar gabatarwar, ya yi shiru a wurin, ya ci gaba daga inda alkawuran suka fara. Sandar da maciji ya nannaɗe, wadda ke tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya, asalinta ta Askilifiyus ce, amma yau alamar sana'a ce kawai. Ba laifi ta kasance a rigarsa ko a takardarsa, sai fa in wani ya rataya ta yana jin tana kawo waraka, to ta zama laya.

Haka hukuncin yake ga sunayen da suka rikiɗe suka zama kalmomi. Bahaushe yana cewa ya kamu da afolo, bai san ciwon idon ya samo sunan ne daga kumbon Apollo 11 ba, don annobarsa ta ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da kumbon ya sauka a wata, kumbon kuma sunan gunkin aka sa masa. Jijiyar agara a littafin yayanki da sunan Akilis take, littafin taswira Atlas ne, Janairu da Maris sunayen gumakan Rumawa ne. Babu mai nufin girmamawa da ɗayansu, kuma hukunci yana bin abin da mutane ke fahimta a yau. Takalmin Nike ma, wanda sunan gunkiyar nasara ne, ban ga haramcinsa ba, wanda ya bari don tsantseni ya kyauta, amma kada ya ɗora wa wasu. Raɗa wa ɗa ko 'ya sunan Ziyus ko Atina kuwa a bar shi, domin suna a wurin raɗi zaɓi ne da girmamawa.

Ƙannenki su ne suka fi ba ni damuwa. Babba yana karanta Homa da garkuwarsa, yaro ɗan shekara biyar ko shida kuwa bai gama rarrabe tatsuniya da gaskiya ba, kuma katun ba ya buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku" balle ya rufe da "ƙurunƙus", waɗanda su ne ke gaya wa ɗan Bahaushe cewa Gizo da Ƙoƙi ba gaske ba ne. Wanda bai kai shekara bakwai ba a canza masa abin kallo. Wanda ya haura, ki zauna tare da shi, in an gama ki tambaye shi wa ke saukar da ruwan sama, wa ke aiko da tsawa. In ya amsa daidai yana dariyar Ziyus mai jifa da walƙiya, ba komai. In ya yi jim, ko kika ji yana rantsuwa da sunan wani daga cikinsu a wajen wasa, a dakatar da kallon, a koma Ƙulhuwallahu da ma'anarta har ta zauna.

Wallahu a'alam.