Gidan gadonmu na Barnawa ya ƙi sayuwa: sai mun yi POP da tayil?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida mai ɗaki huɗu a unguwar Barnawa da ke Kaduna, ginin shekarun 1980. Daɓen terazo ne, tagogin luba, silin ɗin ma na da ne. Mutum uku sun zo sun duba, babu wanda ya dawo. Dillali ya ce mu haɗa kuɗi mu yi silin POP, mu sa tayil, mu shafe bangon da ke jiƙewa da fentin mai kafin damina. Cikin magada akwai marayu ƙanana, ina tsoron mu zuba kuɗin da ba zai dawo ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Hajiya. Tsoronki yana kan hanya.

A unguwa irin Barnawa, fili da takarda su ke ɗauke da mafi yawan farashi. Mai saye zai fara tambayar C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, ya je KADGIS, hukumar da ke kula da filaye a jihar Kaduna, ya bincika, ya nemi shaidar cewa magada duka sun amince. Tsohon yayi yana rage farashi, amma ragin bai cika wuce abin da mai saye zai kashe ya gyara ba, kuma sau da yawa tayil ɗin da kuka zaɓa shi zai fara farfasawa don bai yi masa ba. Terazo kuwa kada ku taɓa shi. A kira masu injin goge shi, zai fito fes. A cike gilasan luban da suka fashe, a kwashe tarkace, a sare ciyawa, a gyara famfo da sokawe don kada wari ya tarbi mutum a ƙofa, a sa ƙwan lantarki a kowane ɗaki.

Maganar shafe bango ce ta tayar min da hankali, domin kullum sai an kawo mana irinta. Danshin da ke hawowa daga ƙasa ba ciwon fenti ba ne. Ruwa ne ke bin bulo daga fandisho, saboda ledar da ke tare shi ta lalace ko tun asali ba a sa ba, ko kuma daɓen tsakar gida ya fi na ɗaki tudu. Yakan tsaya wajen mita 1 daga ƙasa, ya bar farin gishiri, filasta ta riƙa zuba kamar gari. In aka lulluɓe da fentin mai, an toshe wa bangon numfashi, sai ruwan ya ƙara yin sama. Da rani komai lafiya lau, amma kafin ruwan Agusta ya wuce fentin ya kumbura ya ɓare. Masu manna tayil a gindin bango ma haka suke jawowa. POP a ƙarƙashin kwano mai yoyo ya fi muni: yana shan ruwa, ya yi nauyi, ya rufto kan mutane.

Dillali la'adarsa ce a gabansa, ranar da mai saye ya dawo da rigima ku zai nema. Kuma Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji lema a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ina ga kuɗin da marayu za su ci?

In za ku gyara, a fara da kwano da magudanar ruwan da ke gindin gini. A kankare filasta har santimita 30 sama da inda danshin ya tsaya, a bar bulon ya sha iska, a sake yaɓe da siminti 1 yashi 4 haɗe da maganin hana ruwa, a jira mako 3 zuwa 4 kafin a shafa fentin ruwa mai haske. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, in ƙarshen biro yana shiga cikinta, injiniyan gini za a kira, ba mai fenti ba. In kuɗin bai samu ba, ku sa magini ya rubuta ƙiyasin gyaran, ku nuna wa mai saye bangon yadda yake tare da takardar, a cire adadin daga farashi.