Ga mai son zuwa Kumasi nazarin tsarin wutar lantarki

Ƙanenmu, saƙonka daga Zariya ya iso. Ka ce ka gama digirin farko a injiniyan lantarki, kana son yin digiri na biyu na bincike (MPhil) a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST nan Kumasi, kana tambayar manhajar da za ka fara koya. Ajiye batun manhaja tukuna. Fara da shata iyakar abin da za ka bincika, don a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Dubi matsalar ɗauke wuta da mutanen Gana ke kira dumsor. A watan Agustan 2012 angar wani jirgin ruwa ta fasa bututun gas na Afirka ta Yamma a tekun Lome. Gas ɗin Najeriya ya yanke kusan shekara guda, tashar wutar Sunon Asogli da ke Tema, mai aiki da gas ɗin, ta tsaya, nauyi ya ƙaru a kan madatsar Akosombo, ita kuwa ƙarfinta yana hannun ruwan tafkin Volta. Wanda iyakarsa ta tsaya a kan injuna da wayoyi ba zai taɓa ganin musabbabin ba.

Saboda haka ɗauki takarda ka zana me ke jawo me, ka nemi inda abin ke zagayowa. Kuɗin wuta bai shigo ba, an kasa sayen mai, wuta ta ɗauke, kuɗin shiga ya ƙara raguwa. Irin wannan zagaye shi ne tushen hanyar nazarin tsari (system dynamics) da masani Jay Forrester ya assasa a jami'ar MIT ta Amurka. Sai zanen ya zauna sannan ka buɗe manhaja irin Vensim ko Python don gina samfurin tsarin a kwamfuta.

Alƙaluma su ne wahalar. Yawan wutar da ake ja kowace awa yana wurin GRIDCo, kamfanin da ke kula da manyan layukan wutar Gana, matakin ruwan tafki yana wurin VRA, hukumar da ke kula da madatsar, kuma ba a samun su sai da wasiƙar sashenku na jami'a. Nemi wasiƙar tun zangon farko. In ka sami na shekara 4, gina samfurinka da 3, ka ɓoye ɗaya don gwaji. Samfurin da aka gwada da alƙaluman da aka gina shi da su kullum daidai yake fitowa, kuma yaudara ce. Daga nan motsa kowane ma'auni da kashi 10 cikin 100, ɗaya bayan ɗaya, ka ga wanda ke girgiza sakamako. Shi ne ya cancanci lokacinka.

Kafin ka taso, maimaita lissafin yiwuwa sosai. Kwana 90 da ECOWAS ta ba ka na zama ba biza kuma ba su isa karatu ba, sai ka nemi izinin zama a hukumar shige da fice da zarar ka yi rajista.