Kamfani ya riƙe min albashi a Jidda: in jira ko in kai ƙara?

Tambaya: Ni direba ne, na yi shekara 4 a wani kamfanin gine-gine a Jidda. Kwantiragina ya ƙare wata 7 da suka wuce, ina bin su albashin wata 5. Kullum manaja sai ya ce in ƙara haƙuri. Wani lauya kuma ya ce in biya shi ya karɓo min. Wanne ya fi?

Amsa: Ɗan'uwa, haƙurin ya isa haka. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ce kotu ba ta sauraron ƙarar haƙƙin ma'aikaci idan wata 12 ya wuce daga ranar da aiki ya ƙare, sai dai in kana da uzurin da alƙali ya gamsu da shi, ko kuma wanda kake ƙara ya amsa cewa kana bin sa. Ka cinye wata 7, saura 5. Wataƙila manajan ya fi ka sanin wannan lissafin.

Kada ka dogara da amsawarsa ta fatar baki. Wanda ya ce "ka yi haƙuri" a ofis yana iya musantawa a gaban alƙali. Ka adana saƙonninsa na WhatsApp, da kwantiragi, da takardar bankinka mai nuna watannin da ba a saka komai ba.

Batun lauya kuwa, kada ka yi gaggawar zuba riyal. Matakin farko sulhu ne a Ma'aikatar Ƙwadago, ta intanet ake shigar da shi, kuma kyauta ne. Ana ba shi kwanakin aiki 21. In ba a daidaita ba, sai magana ta wuce kotun ƙwadago. A nan ne za ka duba ko kana buƙatar lauya.

Kuma ba albashin wata 5 kaɗai kake bi ba. Akwai kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin 5 na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayansu. Shekara 4 ɗinka albashin wata 2 ke nan. Doka ma cewa ta yi a biya ma'aikaci cikin mako guda da ƙarewar aiki, ko mako 2 in shi ya ajiye.

Tambaya: Ni na riga na dawo Kano. Shi ke nan haƙƙina ya tafi?

Amsa: Bai tafi ba, amma dawowarka ba ta tsayar da lissafin wata 12 ba. Ka naɗa wakili amintacce a can, da takardar wakilci da hukuma ta tantance. In sun sa ka hannu a takardar cewa ka karɓi duk haƙƙinka kafin ka taso, ka gaya wa wakilin tun farko, domin ita za su fara fitowa da ita.