Kajina suna ta ƙanƙancewa: in sayo zakaran burola ya gyara iri?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekara huɗu ke nan ina kiwon kajin gida a Malumfashi. Yanzu sun ƙanƙance, kaza ta kwanta kan ƙwai 12 da ƙyar ta ƙyanƙyashe 5, 'yan tsakin ma ba sa ƙarko. Wani mai sayar da magani a kasuwa ya ce in sayi ƙaton zakaran burola in saka musu, iri zai gyaru. Da kajin nan nake biya wa yara kuɗin makaranta, ina tsoron kada su ƙare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki sayi zakaran nan.

In dai ba ki taɓa kawo zakara daga waje ba a shekarun nan, to wanda ke gidan yanzu yana bin uwarsa da 'yan'uwansa ne. Wannan ke jawo yawan baragurbi da raunin 'yan tsaki. Sannan duk Sallah ko ranar suna, wane zakara kike kamawa? Mafi girma, don shi ke kuɗi. Wanda ya rage ya haifi na baɗi shi ne wanda dillali ya ƙi. Manomin kirki ba ya cinye zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye ƙanƙararriya a matsayin iri, amma haka ake yi wa kaji a gida bayan gida.

Maganar burola kuwa, kullum sai na ji ta, kuma tana ƙona mini rai. Burola ba kazar iri ba ce. An haɗa ta ne daga layukan iyaye da kakanni da kamfanoni ke riƙewa, don ta kai kilo 2 cikin mako 6 a yanka ta. Wannan girman ba ya zuwa sai da abincin kamfani, ba da dusa da tsince-tsincen tsakar gida ba. In aka bar zakaranta ya girma yana ci yadda ya so, ƙirji ya yi nauyi, ƙafa ta kasa ɗaukarsa, ba ya iya bin kaza yadda ya kamata. Ko a gonakin da ake kiwon iyayen burola, auna musu abinci ake yi don su iya barbara. In ma ya yi ƙoƙarin hawa, kazarki da ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba zai yage mata baya. Zafin Afrilu kuma ya zo ya kayar da shi yana haki. A ce an yi sa'a an samu 'ya'ya: za su fi iyayensu mata ci, su fi su kasala, shirwa ta fi samunsu da sauƙi. Mai maganin da ya ba ki shawarar ba zai kasance a wurin ba ranar da za ki kwashe gawa. Shi dai so yake ki dawo sayen bitamin da maganin ƙara ƙiba.

An taɓa gwada irin wannan dabarar a hukumance. An raba zakarun turawa irin su Rhode Island Red a ƙauyukan Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, aka karɓi na gida, kuma galibi shirin bai ɗore ba, don ba a sauya abinci da riga-kafi da wurin kwana ba. Ko ingantattun kaji irin su Noiler da Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Zariya, kaji ne masu kyau, sai dai ba kasafai suke kwanci ba, kuma in kika ƙyanƙyashe ƙwansu a gida, 'ya'yan ba za su fito daidai da iyayen ba.

Nemo zakaran gida lafiyayye daga nesa, ba daga maƙwabta ba. Na rugar Fulani sukan fi jiki. Ki keɓe shi mako 2 kafin ya shiga cikin naki. Ki fitar da duk tsofaffin zakaru, ki jira mako 3 kafin ki tara ƙwan kwanci, domin kaza tana riƙe maniyyin tsohon zakara na kwanaki. Zakara ɗaya ya isa kaji 8 zuwa 10, kuma ki sauya shi duk shekara.

A cikin matan, ki ɗaura zare a ƙafar waɗanda suka fi ƙyanƙyasa kuma 'ya'yansu suka fi rayuwa. 'Ya'yansu za ki ajiye, ko da dillali ya ninka kuɗi. Mai tsirarar wuya kada ki raina ta, ta fi jure zafi.

Ki yi musu riga-kafin cutar Newcastle, annobar kaji, kafin hunturu ya shigo, da maganin riga-kafi na Lasota ko I-2, ki maimaita duk wata 3 zuwa 4, ki kuma karɓa daga hannun wanda ke ajiye shi cikin sanyi.